Muryar Auta a Ɗakin Sanyi

Da la'asar sakaliya manaja ya leƙo ofishinta, jaka a kafaɗa, ya ce, "Gobe da safe za a goge manyan na'urorin ƙasa. Don Allah ki karya gadar kafin ki tashi."

"To, yallaɓai," ta ce.

Ita ce mai kula da rumbun bayanan kamfanin. Abokan aiki suna tsokanarta da Uwar Rumbu, don ko ƙwayar bayani ba a taɓa mata ba izini. Rumbun nata ƙarami ne, tsaf-tsaf, komai a layinsa. A ƙasan bene kuwa akwai tarin na'urori da suka haɗiye duk kiran wayar da aka taɓa yi wa kamfanin. Manhajar da ke ɗaukar tambaya daga ƙaramin rumbu ta kai ta can ta dawo da amsa, ita suke kira gada. Ƙaninta, autan gidansu, shi ne ya haɗa ta, kafin hatsarin mota ya ɗauke shi bara.

Auta ba ya gwaji irin na mutane. In zai gwada gadar, sai ya kira layin kamfanin ya yi ta zuba: "Gwaji, gwaji. Yaya, ke kika cinye naman da na ajiye, Allah na ganinki." Duk shirmen nan yana can ƙasa. Mamansu kuwa ba ta da muryarsa ko ta minti ɗaya, don wayarsa ta farfashe a hatsarin. Da safen nan, da ta ji akwai muryarsa a na'urorin, ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Ki taho min da shi, ko dariyarsa ce."

Ana shirin kiran magariba ta sauka, ofis ya watse. Ɗakin na'urorin na nan yadda ta san shi: sanyi mai shiga ƙashi, warin wayar wuta da ta ɗau zafi, fankoki na huci a hankali. Ta ja kujerar da Auta ke zama, ta sa abin sauraro a kunne.

Doka ɗaya ya bar mata. Kar a taɓa tura tambaya ba iyaka; a faɗi daga wace rana zuwa wace rana, in ba haka ba duk na'urorin za su farka su tono abin da ba a aike su ba. Ita ma ta sha yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan wannan. Amma da ta rubuta lambar wayarsa, hawaye ya cika mata ido. Ta danna ba ta sa iyakar ba.

Fankokin suka ɗaga murya gaba ɗaya.

Layuka suka fara zubowa a allo, suna kwafuwa zuwa rumbunta. Ga na shekarar da ya kama aiki. Ga na bara. Ga na satin da ya rasu. Ta sa gefen mayafi ta share fuska, tana jira su tsaya.

Ba su tsaya ba. Ga na bayan jana'izarsa. Ga na jiya. Ga na yau.

Ta buɗe na ƙarshen. Babu magana, sai hucin fankoki irin na ɗakin da take ciki, da numfashin mutum.

"Yaya."

Ta fizge abin sauraron ta jefar. Muryar ba daga cikinsa take ba. Daga bayan na'urar ƙarshe take, inda fitila ba ta kaiwa.

"Yaya, sanyi nake ji."

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne na wayar wuta. Ba ta waiwaya ba.

"Izinin karantawa kawai kika ba gadar," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Ki ba ta na rubutu, in haye. Ki kai ni wurin Mama."

Ta san wanda ya kwanta dama ba ya dawowa. Ta san wuri mai duhu da ba kowa ba ya rasa masu shi, kuma abin da ya shekara yana sauraron muryar yaro zai iya koyonta. Sanin bai hana ta kewar ƙaninta ba. Yatsunta suka fara rubuta izinin.

Ta ji taku ɗaya a bayanta. Wani takun.

Kwafin ya wuce rabi. In ta katse shi yanzu, rumbun zai mayar da komai, ko kalma ɗaya ba zai riƙe ba.

Wani abu ya dafa bayan kujerar.

"Auta?" ta raɗa.

Ya yi dariya. Dariyarsa ce sak, har da ɗan tarin ƙarshe. Sai ya sake yin ta, daidai yadda ya yi ta farko, ba ragi ba ƙari. A ƙarshenta ta ji ƙarar ajiye waya.

Ya sake.

Ta ambaci sunan Allah da ƙarfi, ta goge izinin, ta karya gadar.

Allon ya koma wayam. Sanyi ya kama wuyanta kamar yatsu, ta zame daga kujerar ta rarrafa zuwa ƙofa. Har ta kai saman bene ana kiranta, a hankali, ba fushi.

Washegari aka goge na'urorin, ta nemi a canza mata wurin aiki. A daren da abin ya faru kuwa, da ta koma gida, ta tarar da Mama zaune a kan sallaya, ta kashe rediyo don kar ya hana ta ji.

"Ban samu ba, Mama."

Tsohuwar ta kalli hannayenta. "Ba komai," ta ce. "To ke ki yi min yadda yake kiranki. Ni muryarsa ta fara ɓace min."

Ta buɗe baki. Ta laluba cikin kanta, tun daga yarintarsu, tana neman muryar ƙaninta. Duk inda ta taɓa, ta ɗakin sanyin nan ce ke amsawa.

"Gobe, Mama," ta ce.