Rigar Likita Wesel

Shekara guda Oshizu tana koya wa Likita Wesel, wani Bajamushe mazaunin Nagasaki, kiɗan shamisen, molon nan mai tsirkiya uku, amma a banza. Duk inda kiɗan ya nemi a yi shiru sai ya cusa nasa, wai giɓi ne aka manta. Da ya yi sati biyu bai zo ba, har ta ji sanyi a ranta.

Ran nan tana kunna fitila sai ga shi zaune a tabarma, alhali ba ta ji motsin ƙofa ba. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin turaren makoki.

"Malama, sau ɗaya kawai. Ba zan tafi ban iya ba."

"Kai da kunnen katako? Kaɗa, in huta!"

Ya kaɗa. Da ya iso wurin shirun ya tsaya cak, ko numfashi babu. Karon farko ke nan da ya yi daidai.

Ta rasa abin kushewa, sai ta koma kan kimononsa, doguwar rigar nan da ake ɗora ɓari ɗaya kan ɗaya a ƙirji.

"Sau nawa zan faɗa maka? Gawa kaɗai ake ɗora wa ɓarin dama a kan na hagu!"

Ya dubi ƙirjinsa.

"Yau ba ni na sa wa kaina ba, Malama."