Matar Cikin Hoto

"Wannan ba ita ba ce."

Abin da Mamansa ta fara cewa ke nan, ranar da ya kai ni gaishe ta. Ina durƙushe a kan kafet, shi yana tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi. Hoton yana hannunta. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa...

"Ɗan nan, ina yarinyar da ka nuna min?"

Ya ce, ai ita ce, Mama. Muryarsa can ƙasa, irin ta wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

Ta miƙo min hoton na karɓa. Mayafina ne. Ɗankunnena ne. Amma fatar fara sol, sumul kamar ƙwai. Kumatun hagu babu komai, wuya babu komai. Har haƙorina na gaba da ya ɗan karkace an miƙe shi.

Kyakkyawa ce wallahi. Ni ma da ni ce uwar, ita zan zaɓa.

Ku yi haƙuri 'yan uwa, na faro muku daga tsakiya. Zumuɗi ne ya yi min yawa! Na haihu, mace, watanta uku, ga ta nan a cinyata ina danna waya da hannu ɗaya. Kuma yau wani abu ya faru da in ban faɗa ba cikina zai fashe. Amma bari in bi da ku a hankali.

Ina da shekara shida ruwan zafi ya zubo min daga kumatu har wuya. Ya warke, ya bar fata a tattare. A makaranta Rabin Fuska suke kirana, har wani malami ya taɓa kirana da shi a gaban aji, aka yi ta dariya. Aji biyu na sakandare na ajiye jaka, ban sake komawa ba.

Da na girma Yayata ta samo min aiki a wani babban kanti. Sati ɗaya na yi a gaba wajen masu saye. Sai manaja ya kira ni ofis, yana magana yana kallon fanka, ya ce ba wai na yi laifi ba, amma mutane shaƙatawa suke zuwa yi, ba sa son ganin abin tausayi. Aka mayar da ni sito wajen kwalaye. Kwali ai ba shi da ido.

Katin aiki ne ya kai ni shagonsa na hoto, sun ce in kawo fasfo. Na zauna a kujerar nan mai farin ƙyalle a baya, na karkata kaina na ba shi ɓangaren dama, yadda na saba ba kowa.

Ya sauke kyamara.

"Malama, fasfo ba ya karɓar rabi. Kalle ni sosai."

Na kalle shi. Bai kau da ido ba, bai kuma yi min fuskar nan ta wayyo baiwar Allah ba. Cewa ya yi kawai in daina haɗe rai, ba ofishin 'yan sanda na zo ba. Na yi dariya, ya danna.

Daga nan fa shi ke nan. Kullum sai ya samu dalilin biyowa ta ƙofar sito. Yau ya ce inuwa yake nema, gobe ya ce hanya ce ta ɓace masa, shi da shagonsa ke tsallaken titi. Yana kirana Hasken Idona. Ni kuwa ban taɓa jin wani ya haɗa ni da ido a alheri ba, sai na narke. Wata rana da yamma ya ɗauke ni hoto a bakin taga, ya ce na Mama ne, zai nuna mata. Ban ce ya nuna min ba. Wa yake binciken wanda ya ce masa kalle ni sosai?

To shi ne hoton.

Da muka fito daga gidan nasu ya biyo ni titi yana rantse-rantse. Ya ce haka maigidansa ya koya masa aiki tun yana yaro: hoto ba ya fita daga kwamfuta sai an haska fata, an goge tabo, an rage hanci. Amarya, jariri, tsohuwa, duk haka. Ya ce hannunsa ne ya yi, shi bai ma san ya yi ba.

Na tsaya.

"Hannun ne ya kai wa Mama, ko kai?"



Can ya ce ya gani bayan ya wanke. Ya ce ya yi tunanin in Mama ta fara amincewa, in ta san halina, sauran mai sauƙi ne.

Ashe ya san ba zan shiga ta ƙofa ba, shi ne ya aika wata ta riƙe min wuri.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Na daina zuwa aiki. Na juya madubin ɗakina ya kalli bango. Abinci in an ajiye sai a dawo a ɗauke shi yadda yake. Wanka ma sai Yaya ta yi kamar za ta yi kuka. Ba zafin tabo ba ne, tabo na saba da shi. Zafin shi ne mutum ɗayan da na ɗauka ya gan ni, shi ma ashe da abin gogewa a hannunsa. Nakan kwanta ina jin in na ɓace duniya ba za ta rasa komai ba, tunda ga waccan mai kyan tana nan.

Maƙwabta suka ce iska ce. Wata ta ce rashin godiya ne, ai wasu ko ido ba su da shi. Yaya ta ce duk su riƙe bakinsu, ta ja ni asibiti, ɓangaren da mutane ke rufe fuska in za su shiga.

Likitar mace ce, mai ƙaton tabarau. Ta bar ni na yi kuka har na gaji. Ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Ta ce kuma ba fuskata ce ta kwantar da ni ba, abin da mutane suka daɗe suna yi wa fuskar ne. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce kullum in juyo madubin minti ɗaya, kar in yabi kaina, kar in zagi kaina, in kalla kawai.

Ranar farko sakan biyar na yi.

Akwai wata mai kwalliya da ke yi wa amare fuska a shagonsa, 'yar ƙawar Mama ce, ta daɗe tana ɗinka wa kanta rigar aurensa a zuci. Ita ta gan ni a layin asibitin. Kafin in isa gida labari ya isa wajen Mama: ba ƙuna kaɗai ba, har da taɓin hankali.

Shi kuwa kullum yana ƙofarmu. Yaya ta kore shi ya fi sau goma, har ta ce in ya sake zuwa za ta goge shi kamar yadda ya goge ni. Sai a wata na biyar na fito na same shi. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu.

"Hasken Idona..."

"Ajiye wannan. Hoto nake so. Ɓangaren hagu, babba. Ina tsaye za ka wanke, kuma da hannunka za ka kai wa Mama."

Muka je. Ya ɗauka, ya sa a kwamfuta, fuskata ta cika gilashin. Wallahi ina kallo hannunsa ya tafi da kansa zai fara aikin da ya saba. Ya kama shi da ɗayan, ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai. Ban so na yi dariya ba, amma ta kufce.

Ya daɗe yana kallon hoton. Hawaye ya zubo masa.

"Na cuce ki. Wannan ce na ɗauka fasfo, wannan nake so."

Ya kai wa Mama, ya gaya mata maganar asibiti gaskiya ce, kuma shi ne sila. Ta ce ba da yawunta ba. Ƙanin babansa ne ya tsaya mana aka yi auren. Ba ta zo ba.

Sai ranar da na haihu ta zo asibiti. Ba ta ce min sannu ba. Ta karɓi jaririyar, ta sa yatsa ta juya kumatunta na hagu tana dubawa. Nas ɗin da ke gyara min ƙarin ruwa ta ce, "Hajiya, ai ruwan zafi ba a gadonsa." Ni dai na juya bango.

Har yau waccan matar ta cikin hoto tana rataye a falon Mama. In baƙi sun zo ita take nunawa ta ce ga matar ɗana. Har yau ina shan maganina, kuma akwai safiyar da madubi yake min nauyi. Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya wuce ba.

Amma ga labarin yau! Na je shago da 'yar, sai na tarar ya cire hotunan amaren nan farare da ke gilashin gaba, ya sa mu. Ni da ita, babba, ɓangaren hagu, ana hangowa daga tsallaken titi, daga ƙofar kantin da aka ɓoye ni a sito. Mai kwalliya ta kwashe kayanta ta tafi. Wata mata ta leƙo, ta yatsina fuska ta wuce. Ya ce su je, Allah ya raka taki gona.

Na tsaya a titi ina kallon kaina, ban karkata kai ba.

Waccan ta falon Mama ta yi ta zama a bango. Ba ta yi naƙuda ba, ba ta san ƙamshin kan 'yar nan ba.

Ga ta ma ta farka, bari in ba ta nono. In tana sha hannunta fuskata yake nema. A dama zamewa yake yi, fatar ta cika santsi. A hagu take samun abin kamawa, ta riƙe gam har barci ya ɗauke ta.