Tsohon da Kwamfutarsa Ta Hana Izini

A can wani zamani an yi wani tsoho mai kwamfuta ɗaya da 'ya'ya uku. Duk ɗan da ya ɓata masa rai, sai ya goge sunansa daga cikinta ya ce, "Ba ka da izini." Da haka 'ya'yan duk suka bar gida, daga shi sai muryar marigayiya matarsa da ke ajiye a kwamfutar, tana waƙar daka.

Ran nan saƙo ya zo, wai ya ci kyautar mota. Gogan naka ya danna. Ƙwayar cutar kwamfuta ta shiga ta ƙwace masa iko. Ya nemi muryar, kwamfuta ta ce, "Ba ka da izini." Ya daka mata tsawa, ta maimaita.

Mai gyara ya ce, "Baba, da sunan ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya rage a ciki, da ta nan za mu shiga."

"Babu," in ji tsoho.

Kwana uku gidan tsit. A na huɗu ya kira autarsa Laraba yana kame-kame.

"Baba, ai na kwafi muryar Inna tun kafin ka goge ni."

Ta kunna masa ta waya. Da waƙar ta ƙare ya yi gyaran murya.

"Laraba, ina da izinin in sake ji?"