Batirin Malam Mahadi

Ni na haɗa wa maƙwabcinmu Malam Mahadi batirin litiyom na injin kwalekwalensa, wanda yake kamun kifi da shi a tekun Shu'aiba. Tsofaffin batura na cusa cikin sabon akwati, na ce masa sabo ne. Kwana tara ke nan da ya shiga teku da shi, bai dawo ba.

Jiya bayan isha'i, ina rufe shago a unguwar Hindawiyya, na ji ƙarnin teku. Sai ga Malam Mahadi tsaye rungume da batirin, jallabiyarsa na ɗiga.

"Ya waladi, ɗana, a tsakiyar ruwa ya mutu min," ya ce a hankali. "Sa min caji, yara na jira na."

Na miƙa hannu zan karɓa. Sai na lura duk ruwan da ke zuba daga jikinsa bai jiƙa ƙasa ba.