Tandun Tasalla

Tun kafin ladan ya yi kiran asalatu na rataya bindigata adaka, na ɗauki burtu da jakar albarushi, sannan na miƙa hannu bayan randa na ciro tandun matata Tasalla. Na zura yatsa ciki, sai da ya kai gindi kafin ya taɓa mai. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, kuma abin da ya rage bai fi shafa ɗaya ba.

Shekara ashirin da shida muna tare. Duk ranar da zan shiga daji, ita ke shafa mini wannan man a wuya da bayan kunne da idon sawu. Sauro da kaska da ƙudan tsando ba sa sauka a kaina. In rina ta harbe ni, shi take murza mini, raɗaɗin ya kwanta. Na san akwai man kaɗanya a ciki, akwai 'ya'yan darbejiya, don ɗacinsu ba ya ɓuya. Amma akwai abu na uku, mai wani ƙamshi sanyi-sanyi. Ban taɓa tambayarta ba. Ni da nake ji da layu da guraye, ina zan tsaya tambayar haɗin mata? Bayan ta rasu sau huɗu ina gwada haɗawa, sau huɗu ƙudaje suna cin kasuwarsu a jikina.

Barau, ƙanenta, shi ne abokin farautata. A bakin rafi na same shi yana jirana.

"Yaya Jatau, ka shafa man nan mana. Ka san tsandon kurmin nan ba sa wasa."

"Sai mun isa," in ji ni.

"Haka ka ce wancan makon, muka dawo fuskarka kamar an hura salka."

Na wuce gaba. Gaskiyar magana, tsoro nake ji. Ranar da na shafe wannan ragowar, ƙamshin Tasalla ya bar duniya ke nan.

Da hantsi muka ci karo da sawun gwanki a gefen fadama. Kofatonsa ya nutse cikin taɓo, kashinsa da sauran ɗumi. Na saki toka daga tafin hannu, iska ta kwashe ta yamma. Barau ya zagaya ta ƙasan iska. Ni kuwa na ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da muke yaudarar namun daji da shi, na lulluɓa baƙin zane, na durƙusa na fara jan jiki ina saran ciyawa kamar mai kiwo.

Can na hango shi gindin wata ƙirya, ƙahonninsa sun lanƙwashe baya, kunnuwa a tsaye. Ya dube ni, ya ga tsuntsu, ya ci gaba da kiwonsa.

Sai tsando suka iso. Na farko ya sauka a wuyana kamar an soka basilla. Na biyu a bayan gwiwa. Mai burtu ba ya mari, ba ya susa, don tsuntsu ba shi da hannu. Na cije leɓe na ci gaba. Saura taki goma na uku ya kama ni a fatar ido. Hawaye ya cika idon, na daina ganin bakin bindiga. Na sunkuya a hankali, na cusa fuskata cikin wani cunkus na ganye don in goge shi.

Ganyen ya murje a kumatuna, ƙamshi ya tashi.

Wallahi waiwayawa na yi. Na zaci tana tsaye bayana da tandu a hannu. Kan burtu ya juya da ƙarfi, gwanki ya yi gurnani, ya keta kurmi, rassa suna karyewa har ƙarar ta ɓace. Ko kunamar bindiga ban taɓa ba.

Na zauna daɓas. Na tsinki ganyen na murza, na shafa a ido da wuya, zafin ya fara sauka. Na duba shi sosai. Na san ganyen nan. Shi ne ya cika bayan ɗakinta, wajen da take wanke-wanke. Da damina, bayan an yi sadakar arba'in, na sa fartanya na nome shi tas, har ina mita wai ta bar ciyawa ta cinye gida. Na tuna kuma duk sanda na dawo daga daji takan ce, "Maigida, kada ka karkaɗe, kawo wandon nan." Sai ta zauna tana tsince 'ya'yan ciyawar da suka maƙale tana zubawa a ƙoƙo. Ni duk zatona tsafta ce. Ashe ni nake kai mata irin, ban sani ba.

Barau ya ɓullo yana huci.

"Taki goma, Yaya Jatau! Me ya same ka?"

Na miƙa masa ganyen. Ya kai hanci, ya daɗe bai sauke ba.

"Yaya Tasalla ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Muka cika jakar nama da ganye, saiwa da ƙasarta, muka kamo hanya. A bakin gari Barau ya dubi ƙafafuna, ya ga wandona ya yi baƙi da 'ya'yan ciyawa, ya sunkuya zai kaɗe mini.

Na riƙe hannunsa.

"Kada ka karkaɗe," na ce. "Gida za su."