Kowa Ya Sani Sai Chiharu

Ranar da Naoto ya zo masana'antar ƙusa ta mahaifin Chiharu a birnin Nagoya don koya wa ma'aikata tsara aiki, abu ɗaya ya yi ta nanatawa: "Kada ku kai magana wurin taro sai kun bi kowa ɗaya-ɗaya ya amince."

Chiharu ta ɗaga hannu. "To Malam, taron kuma na mene ne?"

"Na shan shayi," in ji shi. Ya kalle ta, alƙalami ya suɓuce masa. Shi ke nan fa!

Soyayya ta yi nisa, amma Baba ya ce atafau ba zai ba shi ita ba. "Mutumin da ko ƙusa bai taɓa ƙerawa ba, sai surutu gaban allo? Ba a gidana ba."

Daga nan Naoto ya yi wuyar gani. Ta tura masa saƙo: "Malamina, yaushe zan gan ka?"

Ya amsa: "Tauraruwata, ina kan wani babban aiki. Ki ƙara haƙuri."

Wane irin aiki? Ta hango shi a shagon shayi suna ƙus-ƙus da yayarta Sayuri. A gida Kaka na yi mata dariya ba dalili. Baba ma, wai Baba, ta ji shi yana waƙa wurin wanka. Kan Chiharu ya ɗaure tamau. Ta yi kuka ta gaji, ta yanke cewa Sayuri yake so, ta karɓi wani aiki can birnin Sapporo mai nisa.

Ranar Lahadi ta sauko da akwatinta, sai ga falo cike, Naoto durƙushe kan tabarma cikin baƙar kwat.

Baba ya yi gyaran murya. "Mun amince. Biki idan furanni sun buɗe."

"Bikin wa?" in ji Chiharu.



"Au, bai gaya miki ba?" Sayuri ta dafe ƙirji. "Ni ya roƙa in lallashi Baba."

"Ni har asibiti yake raka ni," in ji Kaka.

Baba ya zaro wata ƙusa daga aljihu. "Shi ya ƙera ta. A karkace take, amma ƙusa ce."

Naoto ya bi su da kallo ɗaya-ɗaya, har idonsa ya sauka kan akwatin. Gumi ya keto masa.

"Ka tsallake mutum ɗaya, Malam," in ji Chiharu. "Saura kaɗan in tafi."

Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa tabarma. "Ki yafe mini. Chiharu, za ki aure ni?"

Ta share hawaye, ta ture akwatin da ƙafa, ta zauna. "Tunda taro ne, a zuba mini shayi."

Kafin shayin ya huce ta ce ta yarda.

Aka sha biki ƙarƙashin furanni. Kaka ta riƙe hannayensu, ta sa musu albarka, sannan ta ja kunnen ango. "Daga yau, ɗan nan, ita za ka fara tambaya."