Durowar da Aka Bari a Jawe

Da safe mai maɗaba'a ya tarar da durowar tsofaffin haruffansa wayam. Haruffan katako ne, baƙaƙe masu kauri da kusurwoyi kamar an fere su da wuƙa, irin waɗanda ake buga sunan jarida da kan satifiket da su. Ya riga ya yi wa wani otal alkawarinsu, za a kafe su da ƙusa a bango don ado.

Ko da Sajan, wata 'yar sanda da ya kira, ta iso, ya gama yanke hukunci.

"Ranki ya daɗe, ma'aikacina mai injin nan ne. Shi ke rufe shago. Tafi da shi kawai."

Mai injin ya yi ta rantse-rantse, gumi har wuya. Abin tausayi, in aka kulle shi yau, aiki ya tafi, suna ma ya ɓaci.

Sajan ba ta da garaje. Ba a fasa kwado ba. An mayar da durowar da aka kwashe, amma ta ƙarƙashinta tana jawe rabi, ba a taɓa komai a ciki ba.

"Zaro mini ta can sama," ta ce wa mai injin.

Ya fizgo ta, saura ƙiris ta kife masa a ƙafa. Mai zane a kwamfuta kuwa ta ja da yatsu biyu tana yatsina, ta kasa.

"Ni da ƙurar nan ba ma shiri, ranki ya daɗe."

Saura mahaifin mai maɗaba'a, tsohon mai jera haruffa, wanda kullum ke zaune a bakin ƙofa tun da idonsa ya yi rauni.

"Baba, ko za ka taimaka mana?"

Tsoho ya miƙe. Hannunsa ya fara jawo ta ƙasa rabi, sannan ya zaro ta sama ya ɗora a kanta. Sai ya tsaya cak.

"Durowar nan nauyi gare ta," in ji Sajan a hankali. "Wanda ya saba da ita kaɗai ke tokare ta da ta ƙasa. Hannu ne ya tona ka, Baba."

"Suna ƙarƙashin gadona," in ji tsoho. Ya juya wajen mai injin. "Ka yafe ni, ɗana. Tun ɗazu nake son magana, kunya ta hana."

"Haba Baba!" in ji mai maɗaba'a. "Katako ne fa!"

"Ƙusa za a buga musu a ciki. Da su na buga katin aurenka."

Sajan ta dubi mai maɗaba'a.

"Har yanzu in tafi da ɓarawon?"

Mai maɗaba'a ya dafa kafaɗar mai injin, sannan ya ɗauki durowar da babu komai ya bi bayan mahaifinsa zuwa gida, don su mayar da haruffan cikinta.